Yadda Mai Agogo Ya Saita Siginar Surukinsa

A layinmu akwai wani mai gyaran agogo da shagonsa bai fi faɗin tabarma biyu ba, a matse tsakanin rumfar bakanike da gidan biredi. Mai Agogo kowa ke ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Aikinsa dai ya iya, wannan ba a ja. Matsalarsa ita ce ya yi imani duk abin da ke motsi a duniya agogo ne da bai samu mai gyara ba. Fankar ɗakinsu ta shiga hannunsa tana da gudu uku, ta fito da gudu ɗaya, shi ma da baya. Keken ɗinkin matarsa kuwa tun ranar da ya saita shi yake ɗinki ɗaya ya tsallake biyu.

Ran Lahadi da hantsi 'yarsa Auta ta zo gaisuwa tare da mijinta, wani dogon mutum mai sanyin magana wanda ya yi wata takwas yana neman aiki. A ƙarshe wani kamfani da ke raba magunguna ga ƙananan asibitoci ya kira shi. Mutum shida aka kira, gurbin ɗaya ne. Ran Litinin da yamma manajar za ta duba babur ɗin kowa, ta ga tuƙinsa, ta zaɓi guda. Saboda haka ya wuni ran Asabar yana wanke babur ɗinsa, har da tsohon buroshin haƙori a tsakanin wayoyin taya.

Da suka iso ƙofar shagon ya kunna sigina kamar yadda ya saba, ya faka, ya sauko ya durƙusa.

"Baba, ina kwana."

Mai Agogo ya ajiye aikin da ke hannunsa. Ya ɗaga yatsa ɗaya, ya karkata kai kamar kazar da ta ji shaho.

"Mene ne wannan ke ƙas-ƙas?"

"Sigina ce, Baba. Na manta ban kashe ba."

"Kada ka kashe."

Ya fito daga shagon da gilashin aikinsa a maƙale a ido ɗaya, ya tsuguna ya manna kunne a gefen babur ɗin, idonsa na kan agogon hannunsa. Suka jira har minti ya cika. Ya miƙe yana girgiza kai irin na likitan da ya ga abin da ba ya son faɗa.

"Tamanin da biyar. Ɗana, agogon babur ɗinka yana gudu."

"Agogo, Baba?"

"To da me kake zaton yake wannan ƙarar? Duk abin da ke ƙas-ƙas agogo ne. Minti daƙiƙa sittin ne tun da aka halicci duniya, naka kuwa tamanin da biyar yake bugawa. Da wannan za ka je gaban manaja gobe?"

Auta ta ce, "Baba, don Allah. Lafiyarsa lau. Haka na kowa yake yi."

"Shi ya sa kowa ke makara."

Bakanike yana jin su daga ƙarƙashin rumfarsa, kofin shayi a hannu. Shekara ashirin suna maƙwabtaka, kuma ba su taɓa yarda da juna a kan ko da hasashen ruwan sama ba. Ya matso yana goge hannu a tsumma.

"Injiniya, bari in rage maka wahala. Babu agogo a ciki. Wani ɗan gwangwani ne, filasha muke ce masa. A cikinsa akwai siririn ƙarfe. Wuta ta bi ta kansa sai ya yi zafi ya lanƙwashe, ya saki, fitila ta mutu. Ya huce ya dawo, fitila ta kama. Tafiyarsa da dawowarsa ce kake ji. Shi ke nan labarin."

"Ƙarfe ya yi zafi ya huce sau tamanin da biyar a minti? Kai shayinka ma minti nawa yake ɗauka kafin ya huce?"

"Shayina ba siriri ba ne."

"Ka tsaya a kan tayoyinka, abokina. Abin da ke buga lokaci fannina ne."

Ya juya ga surukinsa ya miƙa hannu. Surukin ya dubi makullin, ya dubi matarsa, ya dubi ƙasa. Ba a yi mutumin da zai ce wa uban matarsa a'a a bakin titi da rana tsaka ba, balle shi. Ya ajiye makullin a tafin hannun tsohon da hannu biyu.

Matar Mai Agogo ta leƙo daga ƙofar gida da ludayi a hannu. Kallo ɗaya ta yi ta gane komai.

"Malam, abincin jikokinka ne a kan babur ɗin nan."

"Shi ya sa ba zan bar shi a hannun kowa ba sai ni."

Kafin azahar ya ciro gwangwanin, ya ɗora shi a kan farin ƙyallen teburinsa, ya buɗe shi da hantsaki. Ya leƙa. Ya goge gilashin idonsa ya sake leƙawa. Babu faifai mai haƙora ko ɗaya, babu sifirin, babu komai sai ɗan siririn ƙarfe da 'yar waya a naɗe.

Bakanike ya ce daga bakin ƙofa, "Ka ga agogon?"

"Na ga inda ya kamata ya kasance. Ha'incin masu ƙerawa ne. Sun kwashe kayan ciki sun bar wa talaka fanko."

Ya ɗiga wa ƙarfen man agogo, ya ɗan lanƙwasa shi da hantsaki, ya mayar da gwangwanin. Zuwa lokacin tela da mai aski da mata biyu masu dawowa daga kasuwa sun tsaya kallo. Ya kunna. Fitilar ta kama, ta tsaya a kunne. Aka jira. Mai aski ya koma ya ƙarasa wa wani gefen kai ɗaya ya dawo. Can sai aka ji ƙas, fitilar ta mutu.

Tela ya ce, "Ta yi."

Bakanike ya ce, "Wannan in ka kunna ta a nan, sai ka kai gida ta sanar da mutane za ka juya."

"Gwaji ne na farko."

Ya lanƙwasa ƙarfen ta ɗaya gefen. Wannan karon abin ya ɗauki zuzu kamar ƙudan da ya faɗa kwalba, fitilar na karkarwa, wani ɗan hayaƙi mai warin soyayyen mai yana fita ta gefe. Ya sake sa hantsaki, ya ce saura ƙiris. Ƙarfen ya karye gida biyu, rabi ya yi tsalle ya faɗa kofin shayin Bakanike.

Bakanike ya tsamo shi da yatsa, ya duba, ya shiga rumfarsa ya fito da wani gwangwanin sabo.

"Ga shi. Minti biyu in ɗaura, yaron nan ya tafi gida ya yi barci."

Surukin ya ɗaga kai kamar wanda aka kira sunansa a asibiti. Amma Mai Agogo ya riga ya tare hanya.

"In sake sa masa wani fankon? Wancan da ya karye ya nuna kansa ne. Abin da babur ɗin nan ke nema agogo ne na gaske, kuma zai samu."

Idonsa ya sauka a kan kanta. A can sama akwai wani jibgegen agogon tebur na ƙarfe mai ƙararrawa biyu a ka, irin wanda ake murɗa wa makulli a baya. Na Mai Biredi ne. Shi ke tashinsa ƙarfe huɗu na asuba ya kunna tanda, don ƙarar waya ba ta taɓa ratsa barcinsa ba. Ya kawo shi gyara ran Asabar, aka yi masa alkawarin Lahadi da yamma. Da ya zo karɓa kafin magariba sai ya tarar da labule a sake a ƙofar shago, murya na fitowa daga ciki.

"Yana gwaji. Gobe."

"Gobe wa zai tashe ni?"

"Mai niyya ba ya makara."

Ran Litinin layinmu ya karya kumallo da shayi zalla. Ƙarfe bakwai mutane sun yi layi a ƙofar gidan biredi, tanda a sanyaye. Bakwai da rabi Mai Biredi ya fito da shatin matashi a kumatu, ya ratsa ta cikinsu, ya nufi shagon Mai Agogo. Layin gaba ɗaya ya juya ya bi shi.

Suka tarar da babur ɗin a tsakiyar hanya, surukin na riƙe da shi. Mai Biredi ya buɗe baki zai fara, sai ya tsaya ya kasa kunne.

"Wannan muryar agogona ce."

"Agogonka ya samu ƙarin girma," in ji Mai Agogo.

Ya yaye wani tsohon zane. Ga agogon nan a ɗaure a bayan sit da robar tsohuwar tayar keke, murfin bayansa a rabi, wayoyi biyu sun fito daga cikinsa sun shige cikin babur. Ya liƙa wata siririyar wayar tagulla kusa da wani faifai mai haƙora, yadda duk haƙorin da ya wuce sai ya taɓa ta. Ya kunna sigina, ya nuna agogon bangon shagonsa.

"Ku ƙirga da ni."

Suka ƙirga. Fitilar ta kama ta mutu, ta kama ta mutu, daidai da hannun daƙiƙa, ba gaba ba baya. Da hannun ya zagayo sama, bakin mutum goma sha biyar ya ce sittin a tare. Wata tsohuwa ta tafa. Tela ya ce shi dama ya san mutumin nan ba a banza yake ba. Har Bakanike ya sosa ƙeya.

"Na yarda, Injiniya, ta buga sittin. Yanzu kashe."

Ya kashe. Fitilar ta mutu. Ƙas-ƙas ɗin bai fasa ba.

"To ga shi nan. Amfanin ƙarar nan shi ne ta tuna wa mutum siginarsa na kunne. Sababbin da ba su da ƙarfen ma, wasu da gangan ake sa musu ƙarar. Naka kuwa a kunne yana yi, a kashe yana yi. Ta yaya yaron zai san ya kashe?"

"Ya duba da idonsa. Allah ya ba shi biyu."

Surukin ya gaji da riƙo, ya sauke jak ɗin gefe ya jingine babur ɗin. Yana karkata, agogon ya yi tsit.

Mai Biredi ya ce, "Ai dama sai a tsaye yake aiki. Da ka karkata shi ya mutu. Tun zamanin babana haka yake."

Aka miƙar da babur, agogo ya tashi. Aka karkata, ya mutu. Aka yi haka sau uku, mutane na bin abin da kai kamar masu kallon ƙwallo.

Bakanike ya ajiye kofinsa a hankali don kada dariya ta zubar masa da shi.

"Injiniya, babur in zai sha kwana me yake yi?"

 Auta, da ke tsaye a gefen mijinta, ta rufe fuska da mayafi.

Mai Agogo ya ce, "Sai ya daina karkata. Dama mugun hali ne na matasa."

"Baba," in ji surukin a hankali, "in ban karkata ba, bango zan shiga."

Wannan ce magana mafi tsawo da ya yi tun jiya, har surukarsa ta dube shi da tausayi. Mai Agogo ya yi taku uku gaba, uku baya, sannan fuskarsa ta washe. Ya kwance robar, ya ƙara wa wayoyin tsawo kamu biyu, ya rungume agogon a ƙirji.

"Babur ya karkata yadda ya ga dama. Ni zan zauna a baya in riƙe agogon a tsaye."

Matarsa ta ce, "Malam, kullum? Har asibitocin?"

"Yau dai tukuna. In manajar ta ga aikin, ita da kanta za ta nemi a yi wa sauran baburan."

Uku da rabi suka kama hanya. Surukin a gaba da hular kwano, Mai Agogo a baya cikin rigarsa ta zuwa biki, agogo a cinya kamar jariri. Bakanike ya goyo Mai Biredi a nasa babur ɗin, wanda ya rantse ba zai bar agogonsa ya yi nisa da idonsa ba. Auta da uwarta suka bi su a motar haya. Kafin su shiga, Auta ta raɗa wa Bakanike wata magana, shi kuma ya daddaɓa aljihun gaban rigarsa.

Harabar kamfanin fili ne na siminti, an jera tsofaffin tayoyin mota a tsakiya an yi hanya mai lanƙwasa huɗu. Babura biyar na tsaye a layi, kowanne da mai shi a gefe. Manajar mace ce gajera mai tabarau, da allon rubutu a hannu da biro a ɗaure da zare. Ba ta sauri, ba ta murmushi. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya: taya, birki, madubi, hon, fitila, sigina. Duk wanda ta gama dubawa sai a ɗaura masa akwatin kwalabe a baya ya zaga tayoyin ya dawo. Biyar ɗin nan duk suka yi lafiya lau, ba abin da za a ce.

Ta iso kan na shida. Ta duba taya, ta matsa birki, ta gyara madubi. Sannan ta bi wayoyi biyu da ido tun daga ƙarƙashin sit har zuwa cinyar wani dattijo da ke zaune a baya yana mata murmushi.

"Wannan fa?"

Surukin ya ce, "Baban matata ne, ranki ya daɗe."

"Ba shi nake tambaya ba. Abin da ke hannunsa."

Mai Agogo ya ce, "Ranki ya daɗe, sigina ce. Irinta ta farko. Ki ƙirga ki gani."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta dubi takardarta, ta ɗaga agogon hannunta ta ce a kunna. Ta ƙirga har ƙarshe ba ta tsallake ko ɗaya ba.

"Sittin. Takardata ta ce daga sittin zuwa ɗari da ashirin." Ta sa alama. "Ta shiga."

Mai Agogo ya waiwaya ya nemi idon Bakanike a cikin 'yan kallo, ya same shi, ya ɗaga masa gira.

"Babura nawa gare ku a nan, ranki ya daɗe? In an samo agogunan, sati biyu sun ishe ni."

"Baba, sauka. Ba a gwaji da fasinja."

"Ni ba fasinja ba ne. Ni ɓangaren sigina ne."

Ta juya takardar ta karanta bayanta, ta sake juyowa. Da alama ba ta sami layin da ya yi magana a kan haka ba, kuma da alama tana son ganin ƙarshen abin. Ta yi wa ma'aikacinta nuni, ya ɗaura akwatin kwalabe goma sha biyu a bayan Mai Agogo, ya matse shi tsakanin akwati da bayan surukinsa.

Suka tashi. Lanƙwasa ta farko, surukin ya kunna sigina ta hagu, babur ya karkata, Mai Agogo ya miƙar da agogon sama kamar mai ɗauke da kwanon miya a cikin taro. Fitila ta yi aikinta. Tela, wanda ya rufe shago ya biyo su a keke, ya fara tafi.

Suna dosar lanƙwasa ta biyu ƙarfe huɗu ta cika.

Agogon Mai Biredi bai san asuba da la'asar ba, huɗu kawai ya sani. Ƙararrawa biyun nan suka ɓarke da ƙarar da aka ƙera don ta da mutumin da waya ta kasa tayarwa. Tantabarun kan rufin kamfanin suka watse. Mai Biredi, da ke tsaye a bakin fili, ya zabura ya fara naɗe hannun riga kafin ya tuna inda yake.

Ya yi kira, "Danna maɓallin sama."

Mai Agogo ya amsa daga tsakiyar fili, "Na cire shi. Ta ramin na zura waya."

Girgizar ƙararrawar ta kwance wayar tagullar daga inda aka liƙa ta, ta faɗa cikin faifan. Tartsatsi ya tashi. Fitilun sigina huɗu suka kama gaba ɗaya, suka yi wani haske da ba su taɓa yi ba, suka mutu. Jikin agogon ya ɗauki zafi. Mai Agogo ya jefa shi daga hannun dama zuwa na hagu, daga hagu zuwa dama, yana hura yatsu, ga shi ba damar yarwa don wayoyin sun naɗe masa a wuyan hannu.

"Ɗana, tsaya. A'a, kada ka tsaya. Rage gudu. Kada ka karkata."

Surukin bai waiwaya ba. Ya dubi fitilar gaba ya ga ta mutu, sai ya miƙa hannun dama ya nuna inda zai juya, ya mayar da shi kan kan babur, ya sha kwanar a hankali kamar ba abin da ke faruwa a bayansa. A lanƙwasa ta uku murfin agogon ya fice, sifirin ya warware ya yi sama kamar maciji, ya kama hular Mai Agogo ya tafi da ita. Faifai masu haƙora suka zubo suna gangarawa a kan siminti, kowanne ya kama gabansa. Surukin ya miƙa hannun hagu, ya kauce wa biyu daga cikinsu, ya wuce.

A lanƙwasa ta huɗu Mai Agogo ya miƙa hannu zai cafko hularsa. Babur ya yi dama, shi ya yi hagu. Ya zame ta gefe a hankali, kamar buhun da ba a ɗaure da kyau ba, ya zauna daɓas a cikin ramin tayar ƙarshe, gwiwoyinsa a kusa da kunnuwansa. Wayoyin suka zare daga hannunsa. Babur ya ƙarasa layin yana jan gangar jikin agogon a ƙasa, ƙararrawa ɗaya na sauran numfashi.

Surukin ya tsaya daidai kan farin layi, ya sauke ƙafa, ya kashe inji, ya cire hular kwano. Gumi ya jiƙa masa kai sharkaf.

Masu babura biyar ɗin suna riƙe da ciki. Bakanike ya zauna a ƙasa don dariya. Auta kaɗai ba ta dariya, idonta na kan biron manajar.

Manajar ta tako ba sauri. Ta kunna sigina ta hagu, babu. Ta dama, babu. Ta soke alamar da ta sa ɗazu.

"Sigina ta faɗi."

Dariyar ta tsaya. Surukin ya sunkuyar da kai yana juya hular kwano a hannu.

Ta buɗe akwatin, ta ciro kwalaben ɗaya bayan ɗaya tana ɗaga kowace a rana. Goma sha biyu, ko tsagewa babu. Ta mayar da su, ta rufe.

"Ƙarfe biyar nake rufe takardar nan. Akwai bakanike a kusa?"

Bakanike ya riga ya miƙe, gwangwanin na hannunsa. Ya tsinke wayoyin agogo ya miƙa wa Mai Biredi gawar, ya canza fis ɗin da ya ƙone, ya karɓi aron ƙwan fitila huɗu daga ma'ajin kamfanin, ya ɗaura filasha. Da aka kunna, ƙas-ƙas ɗin nan ya dawo da saurinsa na da. Manajar ta saurara, ta kashe, ƙarar ta tsaya. Ta sa sabuwar alama.

Ta juya ga sauran biyar ɗin.

"Dukanku kun iya tuƙi a fili mai shara. Amma ni kwalaben magani nake aikawa ta tsakiyar kasuwa, inda akuya ke fitowa daga ƙarƙashin mota. Ban san abin da za ku yi ba in abu ya ɓaci. Wannan na gani da idona." Ta miƙa wa surukin rigar aiki mai ratsin haske. "Gobe ƙarfe bakwai. Babur ɗin kuma a nan zai riƙa kwana, a bayan ƙofa mai kwaɗo."

Matar Mai Agogo ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Kwaɗon ya zama babba."

Sai a lokacin aka tuna da wanda ke cikin taya. Mai Biredi ya kama hannu ɗaya, Bakanike ya kama ɗayan, suka ja, tayar ta taso tare da shi. Suka mayar da shi ƙasa don su sake shawara.

Mai Biredi ya ce, "Kafin in ciro ka, mu yi magana. Daga gobe kai za ka riƙa buga mini ƙofa ƙarfe huɗu, har ranar da ka haɗa mini agogona."

"Sabon agogonka a tsaye ko a karkace duk yana aiki," in ji Bakanike yana nuna Mai Agogo. "Ka ci riba."

Surukin ya zo da rigar aikinsa a kafaɗa, ya durƙusa a gaban tayar yadda ya saba, don ba shi da wata hanyar yi wa uban matarsa magana.

"Baba, na gode. Da ni kaɗai na hau, da yadda kowa ya yi zan yi."

Mai Agogo ya juya maganar a ransa. Sannan a hankali ƙirjinsa ya fara tasowa, iyakar yadda taya ta bari. Ya dubi matarsa, ya dubi Bakanike.

"Kun dai ji da kunnenku. Mutum shida, wa aka ɗauka? Wanda na yi wa aiki."



Daga cikin tayar Mai Agogo ya leƙo ta tsakanin gwiwoyinsa, ya hango masu babura biyar ɗin suna sa hulunansu cikin sanyin jiki. Tausayinsu ya kama shi.

"Samari, kada ku damu, wani kamfanin zai kira. Wa ke da agogon tebur a gida?"

Babura biyar suka tashi a lokaci ɗaya. Suka fice ta ƙofar kamfanin, uku suka yi dama, biyu suka yi hagu, ba wanda ya tsaya kunna sigina.